SITRONEL, CIYAWA MAI ƘAMSHIN LEMU

Darasinmu na wanga karo bisa wata ciyawa ne. Mutanen birni suna ce mata sitronel, suna ne da anka aro ga Faransanci. Waɗansu kuma suna ce mata ciyawar lemu. Wanda ya shiga garake na bakin kogin Isa a Yamai, ko na Gulbin Maraɗi, shina iya ganinta gehen fangali ko kusa da rijiya. Tana hitowa gungu guda kamar gamba. Ganyenta dogo ne, siriri, bakinshi da kaihi. Tsawonta shikan kai metir 1, wani lokaci har shi wuce. In ka murza ganye ɗaya tsakanin yatsu ka sansana, sai ka rantse lemun tsami anka yanka kusa da kai.

Ana faɗin abubuwa da yawa bisa kanta. Wani shi ce tana maganin masassara. Wani shi ce in ka shuka ta ƙofar ɗaki, sabro ba shi shiga. Wata ta ce tana sa barci, wata ta ce tana saukar da hawan jini. Cikin waɗanga maganganu akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya. Akwai kuma wadda in an bi ta ido ruhe, yaro shina iya rasa ranshi. Don haka ku karanta sannu-sannu. Wanda ya gama, shi karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna, musamman iyaye mata.

BAƘUWA CE, AMMA TANA DA DANGI NAN

Sitronel ba ƴar ƙasarmu ba ce. Asalinta can gabas ne, nahiyar Asiya, wajen ƙasar Indiya da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, inda ruwan sama ke da yawa. Daga can anka yaɗa ta ƙasashe masu zahi na duniya, har ta iso Afirka. Shi ya sa ba za ka same ta cikin daji ba. Sai inda mutum ya dasa ta, shina ba ta ruwa.

Amma tana da ƴan uwa biyu da kowane baƙauye ya sani: nobe da tsabre. Masana tsirrai sun sa su cikin gida guda da sitronel. Nobe ita ce gajeruwar ciyawar nan mai ƙamshi da ke hitowa bisa fako da wuraren duwatsu, wadda bisashe ba su damu da ita ba in akwai wani abin ci. Tsabre ya hi ta tsawo nesa, da shi ake saƙa zana, ana baibayar ɗaki da rumbu. Tun kaka da kakanni ana dafa su ana sha, ana wanka da ruwansu, ana surace. Ke nan da sitronel ta zo, ba ta iske mu baƙin wanga aiki ba. Wurin ƴan uwanta ta samu ta zauna.

To, mi ke kawo ƙamshin? Cikin ganyen akwai wani mai, ɗan kaɗan, wanda ido ba shi gani. Wajen kashi 3 cikin 4 na wanga mai wani sinadari ne da masana ke kira sitral. Shi ne ke da ƙamshin lemu. Man ba shi da yawa: kilo 100 na ɗanyen ganye da wuya shi ba da rabin kilo. A ƙasar Indiya ana noma gonaki manya-manya na wata irin sitronel don a tatsi man, a saida ma masu yin sabulu da turare. Mutanen Tailan da na Biyetnam kuwa cikin miya su ke sa ta. Ba ganyen su ke so ba, sai farin gindin nan mai taushi. Suna daka shi da tafarnuwa da tonka, su dafa kihi ko kaza da shi. Mai ɗakin da ke da sitronel a gida ta gwada: ta ɓare gindi ɗaya, ta ƙwanƙwasa shi da taɓarya, ta jefa cikin romo, ta cire shi kamin a zuba. Shina kashe ƙarnin kihi.

Ku riƙe abu ɗaya bisa wanga mai, don za mu koma kanshi: shina tashi da sauri. Zahi da iska suna kwashe shi.

YADDA AKE DAFA TA

A yanko ganye 5 ko 6 masu kyau. A wanke su da ruwa mai tsabta. A yayyanka su guntu-guntu, ko a ƙulle su wuri guda. A ɗora ruwa litir 1, a bari shi tafasa sosai. Sa'annan a zuba ganyen, a ruhe tukunya, a sauke. A bari minti 10 kamin a buɗe.

Mata da yawa suna barin tukunya buɗe bisa murhu tana ta tafasa, har ruwan shi koma rabi, wai don magani shi hito. Wanga kuskure ne. Ƙamshin da ya cika tsakar gida, shi ne man da ya gudu. Abin da ya rage cikin tukunya ruwan ciyawa ne kawai.

A tace da ƙyalle mai tsabta ko rariya mai ƙananan ido, saboda ƴan ƙaiƙayin ganyen suna maƙale ma mutum a wuya. Ana iya ƙara citta, ko na'ana'a, ko a matsa lemun tsami. Abin da anka dafa da sahe a shanye shi ranan nan, kada shi kwana. Sukari kuwa a sa kaɗan. Mun san halinmu da sukari: wani sai cokali ya kusa tsayawa cikin kwaf kamin shi ce ya ji. Wanda ke shan sitronel don lahiya, amma shina zuba mata sukari cokali 4, ya ba da dama ya karɓe da hagu.

ABIN DA TA KE YI

Abu na farko, abin sha ce mai daɗi, kuma ba ta da sinadarin nan na shayi da gahawa mai hana barci da sa faɗuwar gaba. Tsoho, da wanda shayi ke dama ma ciki, suna iya shan ta da dare. Ba a kuma saye ta kanti. Magidancin da ke da gindi 2 ko 3 bayan ɗaki ya rage kuɗɗin ganyen shayi.

Na biyu, mai mura ko mai zahin jiki shina bukatar ruwa da yawa, amma bakinshi ba shi son ruwa. Ruwan sitronel mai ɗumi shina shiga da sauƙi. Shina tausasa maƙogwaro, mutum shi yi zuhwa, shi ji jikinshi ya saki. Ga shi kuma ruwa ne tafasasshe. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin ruwan tabki da na rijiyar da ba ta da maruhi. Wanga ba ƙaramin amfani ba ne a garuruwanmu, ko da yake aikin wuta ne, ba na ciyawa ba.

Na uku, mutane a ƙasashe da yawa suna shan ta bayan abinci saboda kumburin ciki da gyatsa. Wanda ya ji tana yi mishi daɗi, shi sha, ba laihi.

Masana sun gwada manta cikin ɗakin bincike. Sun ga shina kashe waɗansu ƙwayoyin cuta in an ɗiga musu shi cikin faranti. A ƙasar Afirka ta Kudu, a shekarar 2009, an buga labarin wani ɗan gwaji bisa masu ciwon sida waɗanda farin abun nan ya hito musu bisa harshe da cikin baki. An ba waɗansunsu ruwan sitronel, kuma da dama sun samu sauƙi. Mutanen da anka gwada ba su da yawa, amma labari ne mai ƙarfafa zuciya.

Sai dai faranti daban, jikin mutum daban. Ga misali. A ƙasar Barazil mutane suna shan sitronel ƙwarai, suna cewa tana sa barci, tana kwantar da hankali. A shekarar 1986 masana na birnin Sawo Fawlo sun ce bari su gwada. Sun ba waɗansu mutane ruwan sitronel na gaskiya. Sun ba waɗansu wani ruwa mai kama da shi wanda ba sitronel ba ne, ba tare da mai sha ya san wanne anka ba shi ba. Da anka duba, waɗanda sunka sha na gaskiya ba su riga sauran barci ba, hankalinsu bai hi na sauran kwanciya ba. Amma gwajin ya nuna wani abu mai kyau: waɗanda sunka sha ta kullum har sati 2, ba ta cuce su ba. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Haka masana ke yi ma kowane magani, na bature ko na gargajiya.

Maganar hawan jini da ciwon sukari kuwa, yawancin gwajin da anka yi bisa ɓeraye ne. Wanda likita ya ɗora bisa ƙwayoyin hawan jini ko na sukari, kada shi aje su don ya samu sitronel. Hawan jini ba shi sallama. Mutum shina jin garau, sai a wayi gari rabin jikinshi ya mutu.

MASASSARA

Nan ne ya kamata mu zauna da kyau, don nan ne ake asarar rai.

Zahin jiki ba shi ne ciwon ba. Alama ce, kamar hayaƙi da ke nuna akwai wuta. Abubuwa da yawa suna kawo shi: mura, ciwon kunne, ciwon haƙarƙari, ƙyanda, sanƙarau. Amma a ƙasarmu, daga tsakiyar damina zuwa kaka, babban mai kawo shi ita ce masassarar cizon sabro.

Wagga masassara ba ɗanyar masara ke kawo ta ba, ba sabon hatsi ba, ba dukan ruwan sama ba. Lokacinsu ne kawai ya zo ɗaya. Wata ƙwayar cuta ce ƴar mitsitsiya da ke shiga cikin jini. Wani likitan soja Bafaranshe mai suna Laberan ne ya fara ganinta da madubin likita, a ƙasar Aljeriya, a shekarar 1880. A shekarar 1897 wani likitan Ingila mai suna Ros ya gano ta cikin cikin sabro, a ƙasar Indiya. Macen sabro ce ke ɗaukar ta daga jinin marar lahiya, ta kai ma mai lahiya. Ƙwayar tana fara zama cikin hanta. Daga nan ta hito ta shiga jini, tana hayayyafa, tana fasa ƙwayoyin jini. Shi ya sa yaro ke ɗashewa, tahin hannunshi shi yi fari.

Ruwan sitronel ba shi kashe wagga ƙwaya. Nobe ma ba ta kashe ta, tsabre ma haka, ganyen bedi ma haka.

Ga yadda abin ke ruɗin iyaye. Masassarar sabro tana da hawa da sauka. Yaro shi yi sanyi, shi yi karkarwa, jiki shi yi zahi kamar garwashi, sa'annan shi yi zuhwa, zahin shi sauka da kanshi. In an ba shi ruwan ganye daidai lokacin, sai uwa ta ce: alhamdu lillahi, magani ya ci. Washegari yaro har shi ɗan yi wasa. Alhali ƙwayar tana nan cikin jini, tana ƙaruwa. Jibi zahin shi komo da ƙarhi. A sake ɗora tukunya. Kamin a ce a ɗaura ma jaki amalanke, kwana 3 ko 4 sun wuce, jini ya ƙare, ko ciwon ya hau kai. Babban mutum da ya saba da masassara shekara da shekaru, jikinshi shikan ɗan jure. Yaro ɗan ƙasa ga shekara 5 ba shi da wanga ƙarhi. Shina iya tahiya cikin kwana 1 ko 2.

Saboda haka, yaron da jikinshi ya yi zahi, a kai shi gidan likita ko wurin ma'aikacin lahiya na gari ranan nan, kada a wuce kwana 1. Can za a tsaga mishi yatsa kaɗan, a ɗauki ɗigon jini, a sa bisa wani ɗan abin awo. Cikin minti 15 zuwa 20 an san ko masassarar sabro ce ko wani abu ne. In ita ce, akwai ƙwayoyi na kwana 3. A ba shi su duka har su ƙare, ko da ya miƙe tun rana ta biyu. Kada a ɓoye sauran don ƙanenshi. Tun shekarar 2006 gwamnati ta yi doka cewa a duba yara ƴan ƙasa ga shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Magidanta, wagga magana taku ce. Sau da yawa uwa ta so tahiya tun jiya, izininku da kuɗɗin mota ta ke jira.

Akwai alamun da ba a jiran wayewar gari in an gan su. Yaro ya ƙi nono, ya kasa shan komi. Duk abin da ya sha shina amai. Shina jijjiga ko taune-taune, ido ya kakkahe. Shina ta barci, an tashe shi ba shi tashi. Numfashinshi shina sauri, haƙarƙari na shiga ciki. Tahin hannu da cikin ido sun yi fari fat. Ko ɗaya cikin waɗanga anka gani, a kama hanya, ko tsakar dare ne. Kuma yaron da ke jijjiga ko ya suma, kada a ɗura mishi komi a baki. Ruwan shina bi ta hanyar iska shi shaƙe shi.

Dattawa za su tuna da nibakin, farar ƙwayar nan mai ɗaci da ake rabawa da. Ta yi aiki zamaninta. Amma ƙwayar cutar ta saba da ita, ta daina jin ta, shi ya sa anka bar ta. In mai tallar magani a kasuwa ya miƙo muku ita, ku bar mishi abinshi.

Kada wani shi ce muna rena itatuwa. Manyan magungunan masassara daga tsirrai sunka hito. Kinin daga ɓawon wani icce ne na Amurka ta Kudu, wasu masana biyu na Faransa sunka tace shi a shekarar 1820. Ƙwayoyin kwana 3 da ake ba mu yanzu, tushensu wani ganye ne na ƙasar Sin. Wata mace masaniya mai suna Tu Yuyu, ita da abokan aikinta, sunka hiddo sinadarinshi a shekarar 1972, kuma an ba ta babbar lambar yabo ta Nobel a shekarar 2015. Sun gwada ganyaye masu yawan gaske kamin su dace da wanga ɗaya. Bayan an dace, sai da anka auna nawa ya kamata babba shi sha, nawa yaro. Sitronel ba ta cikin waɗanda sunka ci wagga jarrabawa. Matsayinta shi ne ta raka magani. Yaron da ya wuce wata 6, an kai shi likita, shina shan ƙwayoyinshi, ana iya ba shi ruwanta marar kauri kaɗan-kaɗan, tare da nono da kunu.

WAƊANDA ZA SU YI HANKALI DA ITA

Jariri daga haihuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai. Ba sitronel, ba bauri, ba ko ruwa, ko cikin bazara ne. Nono ya ƙunshi ruwan da shi ke bukata. Cikin jariri ƙarami ne, in an cika shi da ruwan ganye ba shi tsotso, nonon uwa kuma shi ragu. In uwa tana so, ita ta sha, ta ba shi mama.

Mace mai ciki kada ta mayar da ita magani, tana dafa mai kauri tana sha sahe da marece. In jikinta ya yi zahi, likita za ta nufa, don masassara tana zubar da ciki, tana sa a haihi ɗa ƙarami. Wurin awon ciki ana ba da ƙwayoyin rigakahi.

Yaro mai zawo kuma ba sitronel shi ke bukata ba. Ruwan gishiri da sukari ne, na ƴar ledar nan da ake samu gidan likita, a kaɗa ta cikin litir 1 na ruwa mai tsabta, tare da ƙwayoyin zinki na kwana 10 zuwa 14.

Sai surace. Babba mai mura shina iya lulluɓa da zane bisa tukunyar sitronel, tururin shi buɗe mishi hanci na ɗan lokaci. Amma a sauke tukunya ƙasa, a zauna da kyau. Yara kuwa kada a yi musu. Yaro shina motsi, ƙafa ta taɓa tukunya, a tahi likita da ƙuna maimakon mura. Man sitronel na ƴar kwalba da ake saidawa birni, shi ma ba a shan shi. Shina da ƙarhi ainun, shina ƙona fata in an shafa shi tsantsa. A aje shi inda hannun yaro ba shi kai.

SABRO FA?

Gaskiya ne sabro ba shi son ƙamshin wanga mai. Daga wata ƴar uwar sitronel, wadda ake nomawa a Siri Lanka da tsibirin Jaba, ake tatsar man da ake sa ma kyandir da man shafawa na korar sabro. Daga nan maganar ta samo asali.

Amma ku tuna abin da munka ce: man shina tashi da sauri. A shekarar 2002 masana a Amurka sun gwada magungunan shafawa iri-iri bisa hannun mutane, cikin akwati mai sabro. Waɗanda anka yi da man sitronel ba su tsare fata hiye da minti 20 ba. Sabron masassara kuwa ɗan dare ne, tun bayan lisha har asuba shina aiki. Wa zai tashi kowane minti 20 shi shahe ɗiyanshi?

Ciyawar da ke tsaye ƙofar ɗaki kuma ba ta korar komi. Man shina kulle cikin ganye, sai an murza shi ke hita. Har ma gungun da ya yi duhu, ƙarƙashinshi da laima, sabro shina samun wurin hutawa da rana.

Abin da ke tsare iyali shi ne sange, wato gidan sabro, mai magani. A ɗaura shi kowane dare, a cusa bakinshi ƙarƙashin tabarma, a ɗinke inda ya yage. Ba don shingen garka anka raba shi ba, ba don kamun kihi ba. Bayan shi akwai ƙwayoyin rigakahi na damina, waɗanda anka fara rabawa a Nijar a shekarar 2013. Ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa ga shekara 5, sau ɗaya kowane wata, daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba. Kowane zagaye kwana 3 ne: na farko gaban mai rabo, sauran biyu uwa ke ba da su gida. Waɗanga biyun ne ake yawan mantawa. A shekarar 2024 kuma an fara allurar rigakahin masassara ga ƙananan yara a yankin Gaya.

YADDA AKE DASA TA

Duk da haka muna cewa kowane gida shi dasa. Abin sha ne na kyauta, kuma ba ta da wuya.

Sitronel ba ta cika yin hure ba, balle iri. Raba ta ake yi. Ka roƙi maƙwabci shi haƙo maka gehen gungunshi. Ka rarraba shi ɗaya-ɗaya, kowanne da ƴar saiwarshi. Ka datse ganyen, ka bar kamar taƙi ɗaya, wato santimetir 20. Ka tona rami, ka gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ka dasa, ka danne gindin da kyau, ka ba ta ruwa. Farkon damina ya hi, amma mai rijiya shina iya dasawa kowane lokaci. Tsakanin gindi da gindi a bar santimetir 50 ko hiye, don tana buɗewa.

Tana son rana, tana son ruwa, amma ba ta son ruwa shi kwanta mata. Wanda ba shi da garka shi dasa ta inda ake alwala ko kusa da randa, ruwan da ke zuba banza shi zama nata. A kula dai kada wurin shi zama kududduhi, don cikin kwantaccen ruwa sabro ke ƙwai. Da rani a yi mata ƴar kariya. Akuya ba ta damu da ita ba in akwai haki, amma cikin watan Afirilu akuya ba ta zaɓe. Masu garka bisa gangare su jera ta layi a gicciye: saiwarta tana riƙe ƙasa, tana rage zaizaya.

Bayan wata 4 zuwa 6 ana fara yanka. A yanka da wuƙa ko lauje, a bar kamar santimetir 10 zuwa 15 bisa ƙasa, za ta sake toho. A yi hankali da bakin ganyen, shina yanka hannu. Bayan shekara 3 ko 4 tsakiyar gungun tana tsufa. Sai a haƙe, a raba, a sake dasawa, a ba dangi saura.

In ganye ya yi yawa, a shanya shi cikin inuwa, inda iska ke bi, bisa tabarma mai tsabta. Rana tana cinye ƙamshin. In ya bushe a yayyanka, a zuba cikin gwangwani ko kwalba mai maruhi. Busasshen da anka adana haka shina kai watanni. Mutanen birni suna saye, ɗanye da busasshe. Ƙungiyar mata da ke da garkar noman rani tana iya ware mata fangali ɗaya kusa da na salati da kabeji. Ita ba a sake sayen irinta kowace shekara.

Ga lissahi, ku yi shi bisa allo tare da malaminku. Fangali shina da tsawon metir 5, faɗin metir 1. Za a dasa layi 2. Cikin kowane layi ana sa gindi 1 ga kowane santimetir 50. Gindi nawa za a nema? In tsohon gungu ɗaya shina ba da gindi 10, gungu nawa za a haƙo? Garin da ya riga gamawa shi aiko muna da amsa ta hannun malamin yaƙi da jahilci, tare da sunan da ake kiran wagga ciyawa wajenku.